Shawarwarin Masu Kamun Kifin Crappie Cikin Ƙanƙara

Masu kamun kifi a jihohin Minnesota da Wisconsin na Amurka sun ce abin da ke jan su ga crappie, wani kifin tafki, shi ne yana yawo garke-garke, kuma namansa fari ne mai daɗi. Sun yi ittifaƙi cewa idan saman tafki ya daskare da hunturu, kada a taka shi sai kaurin ƙanƙararsa ya kai inci 4. A huda ramuka da dama a ƙanƙarar, a riƙa sauya wuri har a dace da garken, musamman da asuba ko dab da magariba. Sun fi nanata siririn zare da ƙaramar ƙugiya, kuma a ja a hankali, domin leɓen kifin siriri ne, da an fizga sai ya yage.