Neman shawara: ganyen Maranta yana bushewa tun shigowar hunturu

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu renon furanni a cikin gida. Ina neman shawararku game da Maranta, shukar nan da asalinta dazuzzukan Barazil ne masu yawan ruwan sama, wadda take shimfiɗa ganyenta da rana, ta ɗaga shi sama idan dare ya yi.

Tun da hunturu ya kankama a nan Kano, gefen ganyen tawa ya fara ƙonewa, sababbin ganye suna fitowa a nannaɗe, kuma abin da ya fi damuna shi ne ta daina ɗaga ganyenta da dare. Tana kusa da taga mai labule domin ba ta jure rana kai tsaye, kuma ba na barin ƙasar tukunyar ta bushe ƙayau ko ta jiƙe sharkaf. Na ɗora tukunyar a kan faranti mai tsakuwa da ruwa don samar da danshi, amma a ganina bushewar iskar wannan lokaci ta fi ƙarfin wannan dabara.

Shin ruwan rijiyar burtsatse da nake ba ta yana iya tara gishiri a ƙasar har ya ƙona ganyen, ko kuwa iskar ce kaɗai? Na kuma ga wata siririyar saƙa da ƙananan ɗigo-ɗigo a ƙarƙashin wasu ganye. Idan ƙwari ne, ruwan ganyen darbejiya zai kore su ba tare da ya lahanta ta ba? Don Allah wanda ya taɓa fitar da irinta daga hunturu lafiya ya taimaka mini.