Neman allurar rage ƙiba a Kumasi: abin da aka tattauna

Ga abin da ya fito daga hirar da matan unguwarmu a Aboabo suka yi kan allurar semaglutide, wadda ake sayarwa da sunan Wegovy ko Ozempic.

Kowa ya yarda a fara da likita, ko a asibitin Komfo Anokye ko wani, ya rubuta takarda. Ƙananan kemis na lungu ba su da izinin sayar da ita, sai babban kantin magani mai rajista da Pharmacy Council, wato hukumar kula da kantunan magani ta Ghana. A kira kafin a tafi, domin takan yanke, kuma masu ciwon suga ma ita suke nema, Ozempic dai don su aka yi ta.

An fi daɗewa kan jabu. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi bayan an gano ta bogi a Amurka, Ingila da Burazil. Don haka a duba rajistar FDA, wato hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana, a guje wa masu tallarta a WhatsApp.

Wata hajiya ta kawo maganar da ta fi damuna: firiji. Allurar tana son sanyin digiri 2 zuwa 8, ga ɗauke wuta. A tambayi mai kanti ko yana da janareto.