Fadamarmu na bushewa da wuri, da me ake auna ruwa?

Ɗan Rafin Guza:
Salam jama'a. Fadamar da muke noman rani a bakin kogin Kaduna yanzu tun kafin watan uku ta bushe ƙayau, mun haɗu 'yan ƙungiya za mu dasa itatuwa a gaɓa mu toshe kwazazzabon da ke zuƙe ruwan, sai wani ya ce wai sai mun auna ruwa tukuna. To da me ake aunawa don Allah?

Malam Na Mando:
Wa alaikumussalam. Gaskiya ya faɗa maka ai. Ku samu doguwar sanda ku yi mata zanen santimita da fenti, ku kafa ta a cikin kogin da siminti inda ba za ta motsa ba, mutum ɗaya ya riƙa dubawa safe da yamma yana rubutawa a littafi da kwanan wata. Amma fa sandar, tsayin ruwan kogi kawai take gaya muku, ruwan da tumatirinku ke sha yana ƙarƙashin ƙasa ne, saboda haka ku huda bututun roba ta ƙasa ku binne a tsakiyar fadamar, duk sati ku zura tef ku ga zurfin da ruwan ya kai. In kogi na nan daram amma na bututu na sauka, to wataƙila injinan ban ruwanku ne suka yi yawa. Ku leƙa Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa nan Mando, aikinsu ke nan.

Baba Manomi:
Yaro kar ku yi gaggawar toshewa. Ku tambayi mutanen Hadeja da Nguru, bayan dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 ambaliyar damina ta ragu, ruwa kuma ya koma gudu har rani, kachala, wato doguwar ciyawar ruwan nan, ta samu wuri ta cinye magudanai da gonaki. Fadama so take ta cika da damina ta janye da rani, in kuka tsayar da ruwa cak shekara guda kun gayyato kachala da sauro.

Ummu Khalil:
Ku auna gudun ruwan kwazazzabon ma, mita 10 za ku ware ku jefa lemo ku duba sakan nawa ya ɗauka da waya, sannan faɗi da zurfi. Sandar kuma ku nuna wa mai unguwa, in ba haka ba yara masu wanka sun tuge ta.

Ɗan Rafin Guza:
Na gode ƙwarai. Malam, bututun inci nawa za mu saya?