Tostata ta ƙi tsayawa, wa ya san makamarta?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema. Tostata ta gasa burodi ce tun shekaranjiya, in na danna hannun ƙasa sai ya dawo sama nan take. In na riƙe shi da yatsa kuwa tana yin zafi har burodin ya gasu. Yara sun saba da ita safiyar makaranta. In kai wa mai gyara ne ko akwai abin da zan yi a gida?

Baban Khalifa: Wa alaikumussalam. Mai tsalle ce ko ta mannewa?

Maman Ilham: Mai tsalle, ta yanka biyu.

Injiniya: Hajiya, kar ki kai ta ko'ina tukuna. Abin da ke riƙe hannun a ƙasa wani ɗan maganaɗisu ne da ba ya kamawa sai da wuta, shi ya sa in an ɗauke wuta ko sabuwa ce ba za ta tsaya ba. Tunda tana zafi in kin riƙe, wayar da ke gasawa lafiya take, fis ɗin filogi ma lafiya. Galibi ɓurɓushin burodi ne ke shiga tsakanin maganaɗisun da ɗan ƙarfen da yake kamawa. Ki zare filogi, ki bar ta ta huce, ki jawo tiren da ke ƙasanta ki zubar, sannan ki kifa ta ki girgiza. Tsohon buroshin haƙori ya isa sauran, amma a hankali, kar ya kai ga siraran wayoyin nan.

Anti Rabi: Ni dai maganar fis ɗin nan ce ta tayar min da tsohon ciwo. Bara tawa ta mutu ɗif, ko ɗumi ba ta yi. Na ba yaro ya kai wa wani mai gyara a unguwarmu, kafin la'asar ya dawo da ita tana aiki, ni kuma har da sa albarka. Ashe fis ne ya ƙone, maimakon ya sa sabo sai ya naɗa waya a gurbinsa, bai ma duba abin da ya ƙona fis ɗin ba. Wayar ce ta goge a daidai inda take shiga jikin tostar. Kwana shida aka yi. Ina ɗaki ina shirya autata, sai ƙaurin roba. Na fito na tarar soket ya narke ya yi baƙi, labulen kicin yana gab da shi. Wallahi da fita na yi raka yara bakin titi, ban san me zan dawo in tarar ba. Da na koma masa sai cewa ya yi ai kowa haka yake yi. Fis ɗin 13 amp ne fa, a Kasuwar Shaikh Abubakar Gumi nan Kaduna wajen masu kayan wuta ana sayar da shi, bai kai kuɗin burodi ɗaya ba. Duk wadda za ta kai gyara ta tsaya a kansa, ta sa a buɗe filogin a gabanta.

Maman Ilham: Subhanallahi. Allah ya ƙara tsarewa, Anti.

Ummu Sadik: Amin. Kuma a ja wa yara kunne kan zura wuƙa ko cokali mai yatsu in burodi ya maƙale. Ƙanwata wuta ta ja ta a haka.

Kawu Bala: Ku da wahalar da kai. Ƙosai da koko sun taɓa neman fis?

Ummu Sadik: Kawu, ka tambayi kuɗin mudun wake a Kawo sannan ka dawo mu yi magana.

Kawu Bala: Ai burodin ma iska ce zalla yanzu, ka matse shi ya koma kamar lomar tuwo.

Baban Khalifa: Wannan kam gaskiya ne. Mu mun koma sayen na wani gidan burodi a Tudun Wada, ya fi nauyi.

Injiniya: Na manta abu ɗaya, Hajiya. In wutar layinku ba ta da ƙarfi, maganaɗisun kan kasa riƙewa ko da cikin tsaf yake. Ki gwada lokacin da fanka ke juyawa sosai. Kuma a soket ɗin bango kai tsaye, ba a kan ekstenshan mai arha ba.

Amaryar Malali: To ni tawa daga Amurka aka kawo min, mai filogi siriri guda biyu. Adafta kawai zan saya?

Injiniya: A'a, kar ki jona. Ki juya ƙasanta ki karanta. In kin ga 120V to ta wutar can ce, tamu 230V ce. Adafta baki kawai yake canzawa, ba ya rage wuta, za ta ƙone ne a take. Sai da taransifoma mai rage wuta, kuma wanda zai ɗauke ta zai iya fin sabuwar tosta tsada.

Amaryar Malali: Kai, 120V ɗin ne kuwa. Allah ya saka da alheri.

Baban Khalifa: Mu da muke kan sola fa?

Injiniya: Mai yanka biyu takan ja wat 800 ko sama da haka. Ƙaramar inbata ko ɗan ƙaramin janareto za su sha wuya.

Kawu Bala: Wadda ta ƙone a ba 'yan jari bola, ko a kai Panteka su ƙera wani abin.

Maman Ilham: Injiniya, na kifa ta. Abin da ya zubo ya cika tafin hannuna, har da busasshen kyankyaso. Sai dai ban gwada ba, tun azahar babu wuta a nan Unguwar Rimi.

Injiniya: In an kawo ta ƙi, sai a kwance sukurorin ƙasa a goge fuskar maganaɗisun. In nan ma ta ƙi, ɗan allon da ke ƙidaya lokaci ne, wannan kam sai mai gyara.

Anti Rabi: Kuma ki tsaya a kansa.

Ummu Sadik: Baban Khalifa, wane layi gidan burodin nan yake a Tudun Wada?