"Herbal tea" da "flower tea": wace kalma za mu tsayar da Hausa?

'Yan uwa, ku taya ni mu raba gardamar nan. Busasshen furen babunaj, wato tsiron da ake kira "chamomile" da Turanci, ya cika shagunan magungunan Musulunci a Kaduna, daga Tudun Wada har Kawo, amma in ka duba takardar jikin leda, Turanci ne zalla. Iyayenmu mata da suka fi kowa sanin tsirrai sai sun nemi mai karanta musu.

Wani malami ya ce a kira shi "jiƙo". Malam, Allah ya ƙara basira, hujjarka tana da ƙarfi, domin kuwa haka ake yin sa: cokali ɗaya na busasshen fure a kofi, a zuba tafasasshen ruwa, a rufe da faranti minti 5 zuwa 10 kada ƙamshin ya bi tururi, sannan a tace a sa zuma. Matsalar ita ce Bahaushe yana jin jiƙo, saiwa da sassaƙe da ɗaci ne ke faɗo masa a rai, abin da ake ɗura wa mara lafiya. Shi kuwa "tsimi" kwanaki yake yi a tulu, bai shigo nan ba.

Ni na tsaya a kan "shayin fure", in kuma ganye ne kamar na'ana'a, "shayin ganye". Na san za a ce ainihin shayi ganyen wani tsiro ne daban, wanda ake nomawa a tsaunin Mambila, mai sinadarin da ke hana barci, alhali babunaj don samun barci da lafawar ciki ake shan sa. Gaskiya ne. Sai dai tuni bakinmu ya faɗaɗa kalmar: mai shayi ya haɗa maka madara da Bournvita ba ko ganye ɗaya, kuma shayi ka ce ka sha.

Zoɓo kam a bar masa sunansa, ko da zafi aka sha shi yadda ake yi a Masar da Sudan. Ba furen ne ma ake sha ba, jan kwanson da ke riƙe da furen yakuwa ne. An san shi da sauke hawan jini, don haka mai shan maganin asibiti da mai juna biyu su tambayi likita kafin su mayar da shi na kullum.

Wanda yake da kalmar da ta fi wannan zama a baki, bismillah, ya kawo ta da dalilinsa.