Neman agaji: me za mu kira "clue" a gasar kacici-kacici?

Malama Binta: Assalamu alaikum malamai. Ranar Asabar muke da gasar kacici-kacici a makarantarmu nan Gwale, mai buga mana takardu kuma ya ce in aikin bai iso masa ba kafin La'asar ɗin gobe, kada in neme shi. Kowace tambaya tana da "clue" uku. Misali: na farko, baƙo ne daga gabas. Na biyu, maƙeran Gaya ne suka ƙera masa wuƙa. Na uku, shi ya sare kan macijin rijiyar Kusugu. Wanda ya ce Bayajidda tun a na farko yana da maki 3, a na biyu 2, a na uku 1. Na rubuta "alama ta 1", amma ba ta kwanta mini ba.

Abba Fagge: Satar amsa. Ko kin rubuta ko ba ki rubuta ba, haka yaran za su kira shi.

Malama Binta: A takardar da shugaban makaranta zai sa wa hannu? Rufa mini asiri, Abba.

Maman Walida: Matashiya fa?

Baban Sadiƙ: Matashiya ta wanda ya sani ne ya manta. Yaron da bai taɓa jin labarin Daurama ba me za a tuna masa? Hannunka mai sanda ya fi kusa, sai dai tsawo, kuma yana da ƙamshin gargaɗi. Ni da haske zan ce. "Malama, a ɗan ba mu haske." Kowa na faɗin haka.

Malam Na-Soro: Duk kame-kame kuke yi. Hausa tana da injin ƙirar kalma, a yi amfani da shi. Aikin abin nan shi ne ya kusantar da mai tunani zuwa amsa. To, makusanciya. Shekara uku ke nan ina koya wa ɗalibaina ita.

Abba Fagge: Allah gafarta Malam, makusanciya ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Saura ɗaya a cike huɗu a rufe ƙofa.

Malam Na-Soro: Irin wannan wasan ne ya sa har yau muke rubuta kwamfuta da intanet ba kunya. Kuma tun da an taɓo, tsarin gasar ma ba namu ba ne. Da aka ce mana "kulun kulufita" a dandali, wa ya taɓa ba mu wani taimako? "Tsumangiyar kan hanya, fyaɗi yaro fyaɗi babba": ko ka ce yunwa, ko ka ba da gari a faɗa maka. Ba a yi mana rangwame.

Maman Walida: Ba da garin ma ai ciniki ne, Malam. Ka ba shi ƙauye ya ce bai karɓa ba, sai ka ba shi Kano ko Makka. Maki ne da wani suna.

Ɗan Kurmi: Ku bar wahalar da kanku, a rubuta kulu kawai. Mun ari makaranta, mun ari fensir, sama ba ta faɗo ba.

Baban Sadiƙ: Kulu sunan kakata ne, ka fita harkarta.

Malam Na-Soro: Makaranta ba aro ba ce, daga karanta aka ƙera ta, da irin injin da nake magana. Ka ga illar Hausar kasuwa.

Ɗan Kurmi: Hausar kasuwar ce ta kai harshen nan Agadas da Kumasi, ranka ya daɗe. Kalmominku na ɗakin taro ko Ƙofar Nassarawa ba sa fita.

Malama Binta: Don Allah malamai, La'asar fa.

Hajiya Umma: Binta, kalmar da kike fama da ita asalinta ƙwallon zare take nufi a tsohon Turanci. Daga tatsuniyar Girkawa ma'anar ta juya. A tsibirin Kirit akwai wani gini mai lunguna, wanda ya shiga ba ya gane hanyar fita, a tsakiyarsa kuma dodo ne mai kan bijimi. Ɗiyar sarkin, Ariyadini, ta ba jarumi Tisiyos ƙwallon zare. Ya ɗaure bakinsa a ƙofa, yana tafiya yana warwarewa, ya kashe dodon, ya biyo zarensa ya fito. Mu kuma me muke cewa in magana ta cukurkuɗe? A nemo bakin zaren. Ba sai mun ƙera komai ba, yana cikin bakinmu.

Abba Fagge: Hajiya ta gama magana.

Baban Sadiƙ: Ban ƙi ba Hajiya, amma da gyara. Zare bakinsa nawa? Ba a cewa bakin zare na uku. Kuma in an ce an gano bakin zaren, an kusa warware matsalar ke nan. "Baƙo ne daga gabas" bai kai nan ba, baƙin da suka zo daga gabas a labaranmu ba sa ƙirguwa.

Hajiya Umma: Wanda ya taɓa warware zaren saƙa da ya harɗe ya san bakin da kake kamawa da fari ba lallai shi ne mai ɓillewa ba. Amma na ji maganarka a kan ƙirgawa.

Malam Na-Soro: Karin magana ba kalmar fannu ba ce. Ya jam'inta? Bakunan zaruruwa?

Malama Binta: To ga abin da na tura wa mai bugu. A saman takarda: "Bi bakin zaren, ka gano amsa." A ƙarƙashin kowace tambaya: Haske na 1, Haske na 2, Haske na 3. Labarin ƙwallon zaren kuma na mayar da shi tambaya ta 10, Hajiya, na gode.

Malam Na-Soro: Kalma biyu a kan abu ɗaya. Allah ya kyauta. Ni dai a ajina makusanciya ce.

Ɗan Kurmi: Saura "mythology". Tatsuniya, almara ko tarihihi? Don in kika sa Barbushe da Tsumburbura a ƙarƙashin tatsuniya, mutanen Dala sai sun zo makarantar.

Malama Binta: Na rubuta "labaran da". Kada wanda ya taɓa mini shi sai bayan Asabar.