Tsofaffin littattafan tauhidi da na tarar a akwatin kawuna: a koyar da su ko a ajiye?

Ɗan Katikis, Sabon Gari:

Salama gare ku, iyayena da 'yan'uwana. Kawuna ya rasu bara bayan ya daɗe yana aikin katikis, wato mai koyar da addini a cocin Katolika, kuma da muka buɗe akwatinsa na ƙarfe sai muka tarar da littattafan da wani Fada ɗan ƙasar Ailan ya bar masa sa'ad da zai koma gida. Uku daga cikinsu da harshen Latin suke, suna ɗauke da sunan Tanquerey, sai kundi huɗu na Henry Davis da Turanci, sai guda ɗaya na Ludwig Ott wanda gara ta ci gefensa. Ni ne nake koyar da masu shirin baftisma a cocinmu, shi ya sa nake neman wanda ya san asalin littattafan nan ya gaya mini ko ya halatta in ɗauki darasi daga cikinsu, ko kuwa zamani ya wuce su.

Tsohon Ɗalibin Seminari, Samaru:

Ɗana, Allah ya ji ƙan kawunka, domin ya bar maka gado mai daraja. Asalin irin waɗannan littattafai yana komawa ga Majalisar Tirent, babban taron shugabannin Ikilisiyar Katolika, wadda a shekarar 1563 ta umarci bishof-bishof su kafa makarantun horon firistoci. Da makarantu suka yawaita, sai aka bukaci littafin da zai tattara koyarwar Ikilisiya a taƙaice, domin ba kowane ɗalibi ne zai iya ratsa babban aikin shahararren malamin tauhidi Toma Akwinas daga farko zuwa ƙarshe ba, balle ma shi kansa ya rasu a 1274 bai kammala shi ba. Bayan da Paparoma Leo na 13 ya ba da umarni a 1879 cewa a koma ga tafarkin Akwinas, littattafan suka ƙara kama da juna, har ya zamana ɗalibi a Faransa da takwaransa a Amurka darasi guda suke bita. Tanquerey Bafaranshe ne, ya rasu a 1932. Littafin Davis ya fito a 1935 kuma kan halin kirki yake, wato horon Fada ne domin sauraron masu furta zunubi. Na Ott an rubuta shi da Jamusanci a 1952, fassarar Turanci ta biyo baya a 1955.

Abin da nake ƙauna a cikinsu shi ne tsarin. Marubuci zai kafa batu cikin jimla ɗaya, ya fayyace ma'anar kalmomin, ya ambaci waɗanda suka musanta, sa'an nan ya kawo hujja daga Littafi Mai Tsarki, daga Ubannin Ikilisiya, wato manyan malaman Kirista na farko, daga hankali kuma. Fiye da haka, kowane batu yana da matsayinsa a rubuce. Buɗe Ott ka duba ƙarshen kowace jimla da aka kafa: inda ka ga "de fide", wannan aƙida ce da ba a ja da ita, inda kuwa ka ga "sententia communis", ra'ayin yawancin malamai ne kawai. Wannan rarrabewa ita ce abin da masu wa'azi da yawa suka rasa a yau, suna ɗora ra'ayinsu a kan jama'a tamkar saukakken umarni.

Amma ka yi hattara da Davis. A kan dokokin Ikilisiya na 1917 ya gina hukunce-hukuncensa, an kuwa sauya su da sababbi a 1983. Misali, zai ce maka mai karɓar Jibin Ubangiji ya yi azumi tun daga tsakar dare, alhali an rage wannan zuwa awa uku a 1957, sannan zuwa awa ɗaya a 1964. Idan ka koyar da haka a aji, ka ɗora wa mutane kayan da Ikilisiya ta riga ta sauke musu.

Almajirin Zaure, Birnin Zazzau:

Ni Musulmi ne, ku gafarce ni da shiga zancenku, amma bayanin Baba ya tuna mini da yadda muke karatu a zaure. Muna farawa da Ahalari da Ishmawi, mu wuce Iziyya da Risala, kafin mutum ya kai ga Muhtasar, wanda taƙaitawarsa ta kai inda ba a gane shi sai da sharhi. Ba a ɗaukar irin wannan littafi a shiga ɗaki a karanta shi kaɗai a fito ana yanke hukunci, domin an rubuta shi ne da nufin malami ya zauna a gaba yana warware shi kalma bayan kalma. Ina zaton naku ma haka suke. Shawarata, ɗan'uwa, ka nemi malaminku da ya yi karatun a bakin wani, ka kai masa littafin ku bi shi tare.

Malamar Firamare, Tudun Wada:

Ina da abin faɗa, kuma da nauyin zuciya nake faɗarsa. Ƙanena ya rasu yana da kwana biyar a duniya, ba a kai ga yi masa baftisma ba, sai wani mai koyarwa ya gaya wa mahaifiyarmu cewa yaron ba zai taɓa ganin fuskar Allah ba, yana can wani wuri da ake kira Limbo. Ta ɗauki wannan magana a ranta shekara da shekaru. Daga irin littattafan nan aka samo ta. Ban ce a ƙone su ba, amma ina roƙonka, kada ka tsaya gaban uwar da ta binne jariri da abin da ka tsinta a shafi.

Tsohon Ɗalibin Seminari, Samaru:

'Yata, maganarki gaskiya ce, kuma ta sosa mini rai. Ikilisiya ba ta taɓa ayyana Limbo a matsayin aƙida ba, ra'ayin malamai ne da ya yaɗu, wanda ya faɗa wa mahaifiyarku kuwa bai bambanta ra'ayi da aƙida ba. Katikisim na 1992, wato littafin da ya tattara koyarwar Ikilisiyar Katolika, ya ce a danƙa irin waɗannan jarirai ga jinƙan Allah, kuma a 2007 kwamitin masana tauhidi na Vatikan ya bayyana cewa akwai ƙwararan dalilai na sa zuciya ga cetonsu. Tun a 1965 ma Majalisar Vatikan ta Biyu ta nemi a mai da Littafi Mai Tsarki ya zama ruhin karatun tauhidi, domin a tsofaffin littattafan sau da yawa ana tsinto aya ne kawai a jingina wa batun da aka riga aka yanke. Idan mahaifiyarku tana da rai, ki kai mata wannan labari.

Ɗan Katikis, Sabon Gari:

Na gode, Baba, na gode Malama da Malam. Ajin baftisma zan ci gaba da shi da Katikisim na 1992. Ott zan kai wa Fadanmu ranar Lahadi bayan sujada in roƙe shi mu riƙa bin babi ɗaya kowane mako, na Latin kuwa zan tambaye shi ko ɗakin karatun babbar seminari ta Jos zai karɓe su kafin damina ta shigo gara ta ƙarasa su.